Tambayoyi da Amsoshi: Bin Manyan Wasannin Amurka Huɗu ga Mazaunin New York

Bahaushen da ya sauka a Bronx, ko daga Kumasi ya fito ko Damagaram ko Kano, ƙwallon ƙafa ya sani. Sai ya tarar da gari cike da huluna masu tambarin NY, abokan aiki na cacar baki a kan wasannin da bai san kansu ba, yaransa kuma sun dawo daga makaranta da sunayen 'yan wasan da bai taɓa ji ba. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan besbol, zari-rugar Amurka, hokin ƙanƙara da ƙwallon kwando.

Ƙungiyoyi nawa ne a yankin, kuma ina suke wasa?

Tara ne. A besbol, wato gasar MLB, akwai Yankees da Mets. Filin Yankees yana Bronx, a mahaɗar titi na 161 da River Avenue, jirgi mai lamba 4 ko D zai sauke ka a bakinsa. Mets suna Citi Field a Flushing cikin Queens, jirgi mai lamba 7 ke zuwa. A shekarar 2009 aka buɗe filayen biyu.

A zari-ruga, gasar NFL, Giants da Jets fili ɗaya suke rabawa, MetLife, wanda ma ba a jihar New York yake ba, yana East Rutherford a New Jersey. A ƙwallon kwando, gasar NBA, Knicks suna Madison Square Garden a saman tashar Penn, Nets kuma suna Barclays Center a Brooklyn tun 2012. A hoki, gasar NHL, Rangers suna raba Madison Square Garden da Knicks, Islanders suna UBS Arena a Elmont, Devils suna Prudential Center a Newark.

To wacce zan goya wa baya?

Babu doka, amma akwai al'ada. Sau da yawa mai son Yankees za ka same shi da Giants da Rangers da Knicks. Mai son Mets kuma ya fi karkata ga Jets da Islanders. Abin da ba a yi shi ne goyon bayan Yankees da Mets a lokaci guda. Wanda ya ce duka nasa ne, kallon wanda bai san dawan garin ba za a yi masa.

Shawararmu ga mazaunin Bronx ita ce ya fara da Yankees, domin fili na ƙofar gidansa, wasa 81 suke yi a gida kowace shekara, tikitin kujerunsu na saman bene kuma ya fi na sauran wasannin sauƙi. Tarihi ma yana bayansu: zuwa ƙarshen kakar 2025 sun ɗauki kofin World Series sau 27, babu mai kama ƙafarsu, ko da yake rabonsu da shi tun 2009, a 2024 kuma Dodgers suka doke su a wasan ƙarshe. Mets sau biyu suka ɗauka, 1969 da 1986, masoyansu sun saba da haƙuri. Sai dai kuɗi ya shigo musu: a Disambar 2024 suka ɗauke Juan Soto daga hannun Yankees da kwantiragin shekara 15 a kan dala miliyan 765.

Yaushe ake yin kowanne?

Babu watan da gari ke zama babu wasa. Besbol daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, wasa 162, sai wasannin fidda gwani a Oktoba. Zari-ruga daga Satumba zuwa farkon Janairu, wasa 17 kacal, sai Super Bowl, wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, a Fabrairu. Kwando da hoki tare suke tafiya, Oktoba zuwa Afrilu, wasa tamanin da ɗoriya, a kammala fidda gwani a Yuni.

Yawan wasannin nan shi ne abu na farko da ke rikita wanda ya saba da Firimiya. A besbol, ƙungiyar da ta fi kowa kyau ma sai ta sha kashi kusan sau 60 a shekara. Don haka ba a ɗaga hankali a kan rashin nasara ɗaya. Abin dubawa shi ne jerin wasa uku ko huɗu da ake yi a jere da abokin hamayya guda: an ci biyu cikin uku ko kuwa? A zari-ruga abin ya sha bamban. Faɗuwa uku a jere a Satumba na iya kashe shekara gaba ɗaya.

Na kalli besbol ban gane komai ba. Me ake nema a ciki?

Nan ne ya kamata a tsaya a yi bayani, domin da zarar ka kama zaren, sauran mai sauƙi ne.

Fili yana da zango huɗu a jere kamar kusurwoyin ɗaki, tsakanin kowane biyu kimanin mita 27. Ƙungiya ɗaya tana tsaro da mutum tara, ɗayar tana turo masu duka ɗaya bayan ɗaya. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, kimanin mita 18 daga mai duka, yana wurgo ƙwallo da gudun da kan wuce kilomita 150 a awa. Mai duka yana son ya buga ta da sanda ya ruga zango na farko kafin a kai ƙwallon can. Wanda ya zagaye zangon duka ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Idan aka buga ƙwallo ta tsallake katanga, shi ne hom-ron: mai dukan da duk wanda ke kan zango sun ci. Aaron Judge na Yankees ya yi irinsa 62 a 2022.

Ainihin wasan kuwa yana tsakanin mai jifa da mai duka. Akwai wani gurbi da ba a zana ba, a saman farantin gida, wato zangon da mai duka ke tsayawa a gefensa, daga gwiwar mai duka zuwa ƙasan ƙirjinsa. Jifar da ta ratsa gurbin ba a buga ba, ko aka kai mata duka aka kuskure, sunanta sitiraik. Uku, an fitar da mai duka. Jifar da ta kauce wa gurbin kuma bai kai mata duka ba, sunanta bol. Huɗu, ya taka zuwa zango na farko kyauta. Lambobi biyun da kake gani a allo, kamar 3-1 ko 0-2, lissafin nan ne, bol a farko, sitiraik a baya. A 3-1 mai jifa ne a matse, dole ya jefo ta tsakiya, mai duka kuma ya san haka. A 0-2 mai duka ne a matse, za a jefo masa wadda za ta lanƙwashe ta faɗi ƙasa don ya bi iska. Wanda ya iya karanta lambobin nan ya daina cewa wasan ba ya motsi.

Ana kuma fitar da mutum idan aka cafe ƙwallon da ya buga kafin ta taɓa ƙasa, ko aka riga shi kai ta zango. An fitar da uku, sai a yi musanya. Kowace ƙungiya ta yi duka sau ɗaya, zagaye ɗaya ke nan, kuma zagaye tara ake yi. Babu canjaras, ƙarawa ake yi har a sami gwani. Tun 2023 aka sa wa mai jifa agogo, daƙiƙa 15 idan babu kowa a zango, abin da ya rage tsawon wasa zuwa kimanin awa biyu da minti arba'in.

Kada ka raina mai dukan da ke samun nasara sau uku cikin goma. A wannan wasan, gwani ke nan.

Zari-ruga fa? Me ya sa suke ta tsayawa?

Domin wasan gunduwa-gunduwa ne. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci gaba da yadi goma. Sun cika, a ba su sabbin huɗu. Sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya a daidai inda aka tsaya, shi ya sa a dama ta huɗu yawanci sukan doka ta nesa da ƙafa. Idan ka ga an rubuta dama ta uku saura yadi takwas, to wannan ne lokacin zuba ido. Kai ƙwallo ƙarshen fili maki shida ne, sai bugun ƙari na maki ɗaya, ko a sake kai hari a nemi biyu. Buga ta tsakanin sanduna daga fili maki uku ne.

Kashi huɗu ne na minti 15, amma wasan kan ci awa uku. Ƙyalle mai ruwan ɗorawa da alƙali ke jefawa alamar laifi ce, hukuncin kuma yadi ake ragewa ko a ƙara. Layi mai ruwan ɗorawa da ke nuna inda ake son kaiwa, a talabijin kaɗai yake, babu shi a fili. Wannan na daga dalilan da suka sa sabon shiga ya fi gane wasan a gida.

Giants sun ɗauki Super Bowl sau huɗu. A biyun ƙarshe, Fabrairun 2008 da ta 2012, New England Patriots suka doke, kuma Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya, yana cikin masu tsaronsu. Jets sau ɗaya, a Janairun 1969.

Hoki ya yi mini sauri, ba na ma ganin abin da suke bugawa.

Kowa haka ya fara. Abin bugawar ɗan faifan roba ne baƙi, nauyinsa kimanin giram 170, ana daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Kada ka bi shi da ido. Dubi inda 'yan wasa suka fuskanta, can yake.

Mutum shida ne kowane ɓangare har da gola, kashi uku na minti 20. Ana canjin 'yan wasa ana cikin gudu, kusan kowane minti. Dokoki biyu ke kawo yawancin usur: shiga yankin abokan hamayya kafin faifan ya tsallake shuɗin layi, wanda shi ne satar gida a nan, da kuma wurga faifan daga rabin filinku har ya wuce layin ragar abokan hamayya ba wanda ya taɓa. Mai laifi yakan zauna a keji na minti biyu, ƙungiyarsa ta yi wasa da ragi, a nan ake yawan cin ƙwallo. Dambe minti biyar ne. Idan an tashi kunnen doki, a ƙara minti biyar, mutum uku da uku ban da gola, sannan bugun daga kai sai gola. Nasara maki biyu, faɗuwa a ƙarin lokaci maki ɗaya.

Wannan wasa ne da gani ya kori ji: a fili ya fi talabijin nesa ba kusa ba. Ladabi guda da za ka kiyaye shi ne kada ka tashi ko ka nufi kujerarka ana cikin wasa, jira usur. Rangers sun ɗauki kofin Stanley a 1994 bayan shekara 54 suna jira. Islanders sun ɗauka sau huɗu a jere daga 1980 zuwa 1983, Devils a 1995 da 2000 da 2003.

Ƙwallon kwando dai mun san shi tun gida. Akwai bambanci?

Kaɗan. Kashi huɗu na minti 12 maimakon goma, laifi shida ke fitar da mutum maimakon biyar, layin maki uku ya fi nisa. Knicks su ne ƙungiyar zuciyar gari, sun ɗauki kofi a 1970 da 1973. A 1994 sun kai wasa na bakwai, na raba gardama, a zagayen ƙarshe, Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya hana su tare da Houston Rockets. Tsofaffin masoya har yau suna ambaton sunansa da girmamawa da ciwo a haɗe. A ƙarshen 2023 kuma Knicks suka ɗauko OG Anunoby, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Mata ma suna da tasu, New York Liberty, masu wasa a Barclays lokacin zafi, sun ɗauki kofin WNBA a 2024.

Me ya sa ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ba ta faɗawa ƙaramar gasa?

Babu faɗuwa a tsarin Amurka. Ƙungiyoyi na dindindin ne, waɗanda suka fi shan kashi ma su ke da damar fara zaɓe cikin matasan da ke shigowa kowace shekara. Shi ya sa za ka ji masoyan ƙungiya mai rauni suna lissafin zaɓen baɗi tun kaka ba ta ƙare ba. Kuma ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar a Turai, musanya ake yi, mutum da mutum ko da damar zaɓe. NFL da NHL suna da iyakar albashi mai tsauri, NBA tana da mai sassauci, MLB kuwa haraji take ɗora wa wanda ya wuce ƙima. Wannan ne ya bai wa Yankees da Mets damar kashe abin da ƙananan garuruwa ba sa iyawa.

Yaya ake sayen tikiti ba tare da an cuce ni ba?

A waya ake komai. Sayi daga shafin ƙungiyar, ko manhajar MLB Ballpark, ko Ticketmaster, ko kasuwannin sake sayarwa irin SeatGeek da StubHub. Sauke tikitin cikin wayarka tun daga gida, domin intanet kan yi nauyi a bakin ƙofa. Hoton tikiti ba ya aiki a wurare da yawa saboda lambar tana canzawa. Duk wanda ya tare ka a titi da takarda a hannu, wuce shi.

Farashi yana bin abokin hamayya da rana. Yankees da Boston Red Sox ranar Asabar, ko Yankees da Mets, tsada ne. Wasan Talata da dare a Afrilu ko Mayu da ƙaramar ƙungiya shi ne na mai ƙaramin ƙarfi. Dubi jimillar kuɗi a shafin ƙarshe kafin ka biya. Knicks da Rangers a Madison Square Garden sun fi tsada. Mai son ganin kwando ko hoki da rangwame ya duba Nets ko Devils. Zuwa MetLife kuma sai da shiri: jirgin NJ Transit daga tashar Penn zuwa Secaucus, a canza zuwa na fili. Mai mota sai ya sayi izinin ajiye ta tun kafin ranar.

Na biya kuɗin manhaja amma an toshe mini wasan ƙungiyar garinmu. Me ya faru?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane. MLB.TV da NBA League Pass an yi su ne don kallon ƙungiyoyin wasu garuruwa. Idan kana yankin New York, za su toshe maka Yankees da Mets da Knicks da Nets, domin an sayar da haƙƙin nuna su ga tashoshin gida. YES ke nuna Yankees da Nets, SNY ke nuna Mets, MSG ke nuna Knicks da ƙungiyoyin hoki uku. Wasu wasannin kuma sukan koma Amazon ko Apple ko ESPN, don haka duba jadawalin mako.

Zari-ruga ce mai sauƙi. Eriya ta 'yan daloli za ta kamo maka CBS a tasha ta 2, NBC a ta 4, Fox a ta 5, a nan ake nuna yawancin wasannin Giants da Jets na Lahadi kyauta. Masu tuƙin haya kuma rediyo ya ishe su: WFAN a mita 660 AM ko 101.9 FM na kawo Yankees da Giants kai tsaye, besbol kuwa wasa ne da ke daɗin saurare. Direba ya kuma san jadawalin gida, domin idan aka tashi daga wasa, titi na 161 da Grand Concourse da babbar hanyar Major Deegan duk cushewa suke.

Me zan iya shiga da shi? Abinci da salla fa?

Filin Yankees da Citi Field suna barin mutum ya shiga da abincinsa da ruwan gora na roba da ba a buɗe ba. Wannan babban sauƙi ne ga mai neman halal da mai iyali, domin abincin ciki da tsada, wani kuma da naman alade. Madison Square Garden ba ya bari. A MetLife sai jaka mai nuna abin da ke ciki, wadda ba ta wuce inci 12 da 6 da 12 ba. Riƙe kati, yawancin wuraren sayarwa ba sa karɓar tsabar kuɗi.

Abu mai muhimmanci: wanda ya fita ba ya komawa da tikitinsa. Wasan ƙarfe bakwai a lokacin zafi Magariba za ta same ka a ciki, don haka shiga da alwala, ka nemi teburin kula da baƙi ka tambaye su inda za ka tsaya. Ana sayar da barasa a ko'ina, amma filin Yankees yana da sassan zama a saman bene da aka hana ta, nemi su lokacin sayen tikiti idan da yara za ka je.

Idan aka yi ruwa fa?

Besbol kaɗai ruwa ke tsayarwa. Za a rufe tsakiyar fili da tamfol a jira, wani lokaci fiye da awa. Wasan da ya kai zagaye biyar ana iya ƙirga shi cikakke. Idan aka ɗage kafin nan, kada ka goge tikitinka, da shi za ka shiga ranar da aka sake sawa. Zari-ruga ana yin ta cikin ruwa da dusar ƙanƙara, MetLife kuma ba shi da rufi. Wanda zai je a Disamba ya sa riguna hawa uku, safa mai kauri, safar hannu da hular sanyi, domin awa uku zai yi a zaune iska na kaɗawa. Daren Afrilu a saman filin Yankees ma ba abin wasa ba ne.

'Yan uwa a gida za su iya bi tare da mu?

Za su iya, sai dai da hana ido barci. Daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, Najeriya da Nijar suna gaban New York da awa biyar, sauran shekara awa shida. Ghana awa huɗu ko biyar. Wasan bakwai na dare a nan, sha biyun dare ne ko ƙarfe ɗaya a Kano. Wanda ya dace da su shi ne zari-rugar ƙarfe ɗaya na ranar Lahadi, wadda ke kamawa shida ko bakwai na yamma, da wasannin besbol na rana a ƙarshen mako.

Tallan caca ya cika wasannin. Dole ne?

Ko kusa. Tun Janairun 2022 aka fara cacar wasanni ta waya bisa doka a jihar New York, shi ya sa tallan ya yi yawa. Lambobin da ke biye da sunayen ƙungiyoyi masu alamar ƙari da ragi na 'yan caca ne, ba ka buƙatarsu don gane wasa. Bayan haramcin da Musulmi ya sani, kyautar farko da suke tallatawa tarko ce. A sa ido a kan wayoyin samari.

Ina zan kai yara a karo na farko?

Brooklyn Cyclones, ƙaramar ƙungiyar rainon 'yan wasan Mets, suna wasa a Coney Island a bakin teku daga Afrilu zuwa Satumba. Tikiti da araha, kujeru kusa da fili, jiragen D da F da N da Q duk suna ƙarewa a can. Idan filin Yankees ne, zaɓi wasan rana na Lahadi, ku isa da wuri domin ana buɗe ƙofa kimanin awa ɗaya da rabi kafin farawa. Ƙwallon da ta faɗo cikin 'yan kallo ta wanda ya kama ce, ba a mayarwa, amma da ƙarfi take zuwa, don haka babba ya zauna ta ɓangaren da mai duka yake, yaro a ɗaya gefen.